Kaza ta taka, hannun ɗiyata ya tafi

Ina yi muku sallama, ina kuma roƙon ku ba ni fili a mujallarku in sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi. Lokacin da abin ya faru ni dillalin shanu ne a kasuwar Tawa, mutum mai kafiya, in na ce a'a ko mahaifiyata ba ta sake tambaya. Asalina wani ƙauye ne kusa da Barmu, kuma gidanmu gidan ɗori ne tun kaka da kakanni, baffana ke riƙe da gadon. Na saki matata ta koma wajen iyayenta a Bambeye, ɗiyarmu kuwa da ta cika shekara bakwai na karɓe ta na kai ta ƙauye wajen mahaifiyata.

Wata rana yarinyar ta faɗo daga kan jaki, hannunta na dama ya karye. Baffa ya ja ƙashin, ya jera kara, ya ɗaure tamau. Sannan ya yi abin da gidanmu ya saba, ya kama kaza ya karya ƙafarta ya ɗora ta ita ma. Dokarmu ita ce ba a kwance ɗorin mutum sai ranar da kazar ta taka. Da na je dubiya na tarar da yarinyar tana kuka, tana cewa yatsunta na yi mata kamar wuta. Na ce ta yi haƙuri, ƙashi ne ke haɗuwa, na koma Tawa hankalina kwance.

Kwana huɗu da karayar uwar ta ji labari ta zo. Ta ga yatsun sun kumbura sun yi baƙi, ga wari. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta goya yarinyar ta shiga motar kasuwa sai asibiti a Tawa. Ina tsakiyar ciniki aka kira ni a waya. Allah ya sani raina ya ɓaci, amma ba don hannun ba, sai don an kwance ɗori kaza ba ta taka ba, kuma matar da na saka ce ta sa aka kwance.

Likita ya zaunar da ni ya ce ɗaurin ya tsayar da jini, yatsu biyu sun mutu, dole a cire su a ranar kafin ruɓar ta hau sama. Ya miƙo mini takarda in sa hannu, tunda yarinyar a hannuna take. Na ture ta. Na ce ba wanda zai yanka ɗiyata ina raye, in sun matsa ma zan ɗauke ta in mayar wa Baffa. Uwar ta durƙusa a gaban mutane tana roƙona, na ce ta tashi, ɗiya tawa ce. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, in na sa hannu na yarda ke nan a gaban duk ƙauye cewa ɗorin gidanmu ya kasa. Kwana biyu ina zaune a bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da ita kamar mai gadi, ina jin zazzaɓi na sa ta sambatu.

A rana ta uku da safe aka kawo mini sammaci. Ashe likita ya rubuta wa kotu, uwar kuma ta je kotun da yayanta. Na shiga gaban alƙalin yara da dogon bayani a kan haƙƙin uba. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya tambaye ni ko na dubi hannun da idona tun da aka kwance shi. Ban duba ba, tsoro nake ji. Ya ce doka ta san haƙƙin uba, amma amana ce aka ba ni don in kare yarinyar, kuma tunda ranta na cikin haɗari kotu za ta ba da izinin da na hana. Ya sa hannu a gabana.

Da azahar aka shiga da ita. Sai dai maganar yatsu biyu ta riga ta wuce, daga ƙasan gwiwar hannu aka yanke. Likita bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai da shekaranjiya ne da tana da hannunta. Da ta farfaɗo ta gan ni, abin da ta fara tambaya shi ne ko kazarta ta taka. Da safiyar ranar Baffa ya aiko mini cewa ta taka, har tana kiwo. Na fita waje na yi kuka kamar yaro.

Yanzu tana wajen uwarta, tana makaranta, ta iya rubutu da hagu. Abin da ke kashe ni shi ne wajen biki, in wani ya tsawata mata don tana cin abinci da hagu kafin ya lura da hannun rigarta. Ni ne ke sunkuyar da kai. Ban ce ɗori ƙarya ba ne, na ga waɗanda ya warkar. Amma girman kai rawanin tsiya ne, kuma ni na naɗa shi, ɗiyata ta ɗauki nauyinsa. Iyaye 'yan'uwana, in yaro ya ce yana jin ciwo, ku buɗe ku duba da idonku kafin ku tuna da sunan gidanku. Kada ku bari sai alƙali ya fi ku tausayin ɗanku, kamar yadda ya fi ni.