Irin Kindirmon Kawu

Jiya na sayi kindirmo a unguwar PZ, tsararo kamar ruwa, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Da ya bar aikin ɗakin gwaji a Samaru, nono ya koma yi. Yakan ɗauke ƙwarya daga ɗumi ya kai gindin randa, in ya ɗaga ludayi yauƙi na binsa kamar zare.

"Kin gani, Ladi? Ƙwayoyin cikinsa sai sun ji wuya suke yin kaurin da zai kare su. Amma wuya kaɗan fa."

Zafin bana bai san kaɗan ba. Wuta ta ɗauke, irin haɗa kindirmon da ya bar mana ya mutu a firji. Ɗanɗanon hannunsa ya tafi ke nan.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu.