Hoton da Baffa Ya Ce a Rufe

Jiya na tsinci tsohuwar mujalla a adaka tana warin hayaƙi, sai na tuna Baffa, yayan mahaifina. Duk wata yakan sayo ta a Gumel, in karanta wa yara da manya bayan la'asar.

Rannan na buɗe hoton matattun shanu a bakin busasshiyar rijiya. Baffa ya daɗe yana kallo.

"Rufe, 'yata," in ji shi. "Abin nan mu ya nufo."

Ya kai rabin garkensa kasuwar Maigatari, ya cika rumbu da gero, maƙwabta suna dariya. Shekarar nan ruwa bai sauka ba. Geronsa ya riƙe mu har da su, amma shi bai ga wata damina ba.

Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya raba mu da irin wannan fari.