Ɗan Gaggawa da Dattijo: Tururuwan Baba Tanimu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba Tanimu, ƙanen mahaifina, kuma har yau ban ga karatu mai wahala irin wanda ya ɗora mini ba. Na yi boko aji huɗu na gudu, amma bulalar malamai wasa ce in aka gwada da durƙuso a bakin ramin tururuwa. Gwiwa ta yi kanta, ƙafa ta sha cizo, wuya ya sage. Damina bakwai na yi ina wannan wahala a gonarmu ta Damari, alhali da gemuna da matata.

Abin da yake koya mini shi ne lokacin shuka. A wurinsa ba kowane ruwa ne ruwan shuka ba. Ya ce baƙar tururuwar nan mai jidar hatsi iri biyu ce, kuma in kana duban masu jidar ba za ka taɓa raba su ba, don kamarsu ɗaya. Sai an yi ruwa mazansu masu fiffike sun fito da yamma, sannan asiri ke tonuwa. Ɗaya ƙarshen cikinsa a miƙe yake, siriri, ƙahonninsa gajeru. Shi ya sa wa suna Ɗan Gaggawa, don ko yayyafi aka yi sai ya fito. Ɗayan kuwa ƙarshen cikinsa a lanƙwashe kamar lauje, da ɗan gashi ja. Wannan shi ne Dattijo, ba ya barin rami sai laima ta kai ƙasa sosai.

Sai ya kamo guda ya miƙo mini. "Mi ka gani?" In ce Dattijo ne. Sai ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta faɗi. "Dattijon gidanku! Duba gindinshi, ba hiffike na ce ka duba ba. Kama da wane ba wane ba ce." Bai taɓa zagina da fushi ba, amma bai taɓa cewa na iya ba.

Yanzu ba a Damari muke ba. Rashin zaman lafiya ya taso mu, shekara uku ke nan muna Faskari, ina noma gonar aro. Abin da na tsira da shi daga wajen Baba shi ne irin geronsa, mai dogon kai, wanda ban ga irinsa a kasuwa ba daga nan har Ƙanƙara. Bara tsuntsu ya yi mana ɓarna, sai tiya biyu kacal na iya ajewa. In na zuba su a ƙasa ruwa ya ɗauke, geron Baba ya ƙare a duniya ke nan.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga zamanin nan. Maƙwabcina Malam Iro a waya yake duba ranar ruwa. Ina jin Baba ba zai yi musu da wayar ba, zai dai tambaya ko ta taɓa shiga rami ta ji laima.

Da aka yi ruwan farko bana, unguwa duk ta fita da sungumi. Ni kuwa na tafi bakin ramin da ke gefen gona na durƙusa. Maza sun fito, na kamo guda, sai na tarar idona ya mutu, dishi-dishi kawai nake gani. Na koma gida na ari tabaran da matata Lantana ke zura zare a allura da shi. Ta ce, "Malam, ɗinki za ka koya da tsufanka?" Na ce gaisuwa zan kai.

Malam Iro ya same ni a durƙushe da tabaran mata, mai ƙyalli a gefe, ina leƙen gindin tururuwa. Ya dafa sungumi ya yi dariya har da tari. "Mutane na shuka, kai kana duba lafiyar ƙwaro! Allah shi ba ka haƙuri, likita." Na duba biyar, duk a miƙe. Ɗan Gaggawa ne. Na mai da irina cikin buhu.

Kwana goma sha biyu ba ɗigon ruwa. Ba zan yi ƙarya in ce hankalina a kwance yake ba. Wa ya ce tururuwan Faskari sun san dokar na Damari? Shukar wasu ta ƙone, ta Malam Iro da ke kwari ta rayu, kuma kullum sai ya gaya mini. Lantana kuwa ta daina aje tabaran inda zan wahala wajen nemansa.

Ran Laraba da azahar aka tafka ruwa mai ƙarfi. Kafin la'asar ta yi sanyi ina bakin ramin. Na kamo na farko na juya shi. Ga lauje, ga jan gashi. Wallahi ban san lokacin da na ce, "Sannu da zuwa, Baba!" ba. Ina dariya ni kaɗai a gona, hawaye na ɓata tabaran mutane. Har Malam Iro ya zo ya karɓa ya ɗora a hancinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, lallai wanga da gemu ya zo."

Baba Tanimu bai bar gida mai kwano ba, bai bar shanu ba, ko hotonsa ba mu da shi. Ya bar gero, ya kuma bar mutum ɗaya da ya san sai an juya abu an duba kafin a ba shi amana. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Washegari da na idar da sallar asuba na saɓa sungumi, Lantana ta biyo ni da ƙwaryar iri, muka shuka tiya biyun nan kaf, ban rage ko ƙwaya ba.