Hannun Yaya Talatu

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da Yaya Talatu ta shigo ɗakin aikina tana rawar ɗari, alhali gari ana tsakiyar zafin bazara. Ku sababbin ma'aikatan gashin ƙashi da kuka zo mana kwanan nan ba ku san ta ba, don haka bari in faro muku daga tushe.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Sharada, wanda wasu kamfanoni suka ɗauka don duba ma'aikatansu. Likita ɗaya gare mu, da ma'aikatan jinya, sai ni a sashen gashin ƙashi. Ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba, ƙaramar jami'a ce ni. Ba ni da ikon rubuta magani ko ba da hutun rashin lafiya, wannan hurumin likita ne. Nawa shi ne tausa, ɗauri da koyar da motsa jiki. Duk da haka ma'aikata Likita suke ce mini, na gaji da gyara musu na ƙyale.

Yaya Talatu a Panshekara take zaune. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana aiki a wani kamfanin sabulu, a sashen da ake jera sabulu cikin kwali daga kan bel ɗin inji. Aikin wucin gadi ne, irin wanda idan aka kwana biyu ba a ga mutum ba sai a sa wani a gurbinsa.

Zuwanta na farko, watanni kafin wannan Litinin, sai da ta bari kowa ya watse sannan ta shigo. Ta janye hijabi ta nuna mini hannunta na hagu. Ya kumbura tun daga yatsu har kafaɗa, ya yi nauyi kamar ba nata ba. Ta gaya mini a hankali cewa kafin ta sami aikin nan an cire mata maman hagu saboda sankara, kuma babu wanda ya sani a kamfani.

"Likita, don Allah kar ki ɓoye mini," in ji ta. "Abin ne ya dawo?"

Ban amsa da ka ba. Ƙa'ida ita ce a mayar da irin wannan majinyaciya wurin likitocin da suka yi mata aiki, su tabbatar ba cutar ce ta dawo ba, kuma ba jini ne ya daskare a jijiya ba. Da suka tabbatar, sai na zaunar da ita na yi mata bayani. Ban da jini, akwai wani farin ruwa da ke yawo a jiki ta wasu siraran hanyoyi, mahaɗarsu tana hammata, wurin da kaluluwa ke fitowa. Idan za a cire mama, sau da yawa ana haɗawa da wannan mahaɗa. Sai ruwan ya rasa hanya ya taru a hannu, kamar yadda unguwa ke cika idan kwata ta toshe. Dangin tundurmin ƙafa ne. Ba ya warkewa ɗungurungum, amma ana lallaɓa shi a zauna lafiya.

Muka fara aiki. Tausar ba irin ta mai ciwon baya ba ce, shafa ce mai taushi kamar ana shafa kan jariri, a fara daga wuya da ƙirji don buɗe wa ruwan hanya, sannan a sauko hannu. Bayan nan a naɗe da bandeji hawa-hawa daga yatsu zuwa kafaɗa, ta riƙa motsa hannun a cikin ɗaurin. Na gargaɗe ta da babbar murya: kada ƙaya, wuƙa ko allura su taɓa hannun nan, domin ƙaramin rauni ya isa ya shigar da ƙwayar cuta, kuma hannun ba shi da ƙarfin kare kansa. Matsalarmu ɗaya, ba ta iya zuwa aiki da ɗaurin, don bel na iya fisgar bakin bandeji, kuma za a yi ta tambaya. Sai ta riƙa kwancewa da safe, ta ɗauki kwalaye yini guda, abin da muka rage jiya ya dawo yau. Duk da haka hannun ya fara saki, har wuyan hannunta ya fito.

To, ranar Litinin ɗin nan, da ta buɗe hannun sai na ga ya canja gaba ɗaya. Ya yi jawur, yana sheƙi, zafinsa kamar an ɗauko shi daga kan murhu. A kan damtsen ga shatin zagaye-zagaye, kowane da 'yan tsage a tsakiya.

"Yaya Talatu, ƙaho aka yi miki?"

Ta sunkuyar da kai. Yayanta ne ya zo daga ƙauye ya ga hannun, ya ce mataccen jini ne, ya kira wanzami.

"Shi ne uba a gidanmu, ba na iya yi masa musu. Kuma ni ma na gaji, Likita. Na ce ko Allah zai sa a dace." Haƙoranta na haɗuwa ta ƙara da cewa, "Ki taimaka ki yi mini tausar nan ya ɗan sauka, in koma kafin a yi cigiyata."

Na ce mata yau ba tausa, ba ɗauri. Idan cuta ta shiga hannu irin wannan, tausa tura ta take yi cikin jiki. Ta riƙe mini riga tana roƙo, tana cewa idan ta rasa aikin nan me yara za su ci. Wallahi na ji kamar in yi kuka, amma na mayar da hannayena baya.

Likitanmu ya tafi duba ma'aikata a Challawa, kuma da motar asibiti ya tafi. Na kira shi a waya na faɗa masa abin da na gani.

"Ki sa biro ki zagaye iyakar jan," ya ce, "sannan ki kai ta babban asibiti yanzu. Kada ki jira ni."

Na tare a-daidaita-sahu a bakin ƙofa. Ba mu yi nisa ba muka tarar wata tirela ta gindaya a titi tana neman shiga wani kamfani da baya, ababen hawa sun yi cirko-cirko. Yaya Talatu ta jingina a kafaɗata, zafin jikinta na ratsa rigata. Can sai ta fara magana ba kan gado, tana cewa a sauke tukunya kada tuwo ya ƙone. Na san abin da wannan ke nufi: cutar ta fara taɓa jini. Na leƙa hannun, na ga jan ya tsallake layin biron ya nufi kafaɗa. Babu addu'ar da ban karanta ba. Na ce wa direban, "Malam, don girman Allah ka nemi wata hanya, rai ne a hannunmu." Sai ya karya kan mashin ya bi ta wani lungu mai ramuka a bayan kamfanonin har muka ɓulla babban titi.

A asibiti aka karɓe ta nan take, aka sa mata ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta hannun dama. Likitar da ta duba ta ta ce sai an ga yadda jiki zai karɓi magani, ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Washegari manajan ma'aikata na kamfanin sabulun, wani dattijo da ake kira Alhaji Mudi, ya aiko kirana. Ba mugu ba ne, amma mutum ne mai bin ƙa'ida.

"Malama, me ke damun matar nan? Abokan aikinta sun ga hannun, suna cewa cuta ce mai yaɗuwa. Mu kuwa sabulu muke yi."

"Ranka ya daɗe, ba ta yaɗuwa, wannan na tabbatar muku. Sauran bayanin kuwa sirrinta ne, aikina bai ba ni damar faɗa ba."

"Ni ma akwai na sama da ni," ya ce. "In ban san abin da ke damunta ba, da wane baki zan kare ta? Zan riƙe gurbinta zuwa ƙarshen mako. Bayan nan ba ruwana."

Na fito ina ta tunani. In na yi magana na ci amana, in na yi shiru ta rasa abincinta, ita kuwa tana kwance ba ta ma san inda take ba. Makon nan ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Kullum na tashi daga aiki sai asibiti, abin da nake fara dubawa shi ne layin biron nan. Yayanta yana zaune a baranda da carbi, ya kasa haɗa ido da ni. Da na zauna na yi masa bayanin hannun, sai ya ce, "'Yata, da wani ya gaya mini haka, ko reza ba za ta shiga gidan ba."

Sai wajen Alhamis zazzaɓin ya sauka, jan ya fara ja da baya. Da ta dawo hayyacinta na gaya mata yadda muka yi da Alhaji, ban rage komai ba.

"Abin da nake gudu kenan, a riƙa nuna ni ana cewa ga mai mama ɗaya." Ta yi ajiyar zuciya. "Amma ɓoyon ya kusa kashe ni. Ki roƙe shi ya jira a sallame ni. Da bakina zan faɗa masa."

Na roƙe shi, ya jira. Ranar da muka je ofishinsa, ta zauna a bakin kujera ta faɗi komai. Alhaji ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya yi mata alkawarin maganar ba za ta fita daga ɗakin ba. Sannan ya juyo gare ni.

"To, wane aiki hannun zai iya?"

Na ce ban da ɗaukar kaya, ban da kusa da bel, kuma a bar ta ta zo da ɗaurinta. Aka mayar da ita teburin da ake manna takarda a jikin kwali. Babu aikin ƙarin lokaci a wurin, don haka samunta ya ragu, kuma hannun ya yi tauri bayan cutar, bai sake komawa inda muka kai shi a baya ba. Amma tana da ranta, tana da aikinta, daga baya kuma muka samo mata safar hannu mai matsewa ta huta da bandeji da rana.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ma'aikacin kamfani ba ciwo kaɗai yake kawo mana ba. Yana zuwa da tsoron kora, da kunya, da maganar na gaba da shi a gida wanda ba ya iya ƙetarewa. In za ku yi gargaɗi, ku nemi mai faɗa a ji a gidan ku yi a gabansa. In majinyaci ya roƙe ku abin da zai cutar da shi, ku daure wa hawayensa. Sana'armu ta hannu ce, da shi muke ci, amma a duk shekarun da na yi ina wannan aiki, babban taimakon da na taɓa yi wa wani shi ne ranar da na ƙi taɓa Yaya Talatu.