Kwalba Mai Lamba Ɗaya

Shekarar da aka fara shari'a a jiharmu, shekarata biyu da kama aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Dutse. Ni ce ƙarama a ɗakin, ni ce kuma mai rawar kai. Ba wanda ya aike ni, na ce sai na binciki lafiyar ƙodar makiyaya. Na ɗebi allurai da kwalabe na nufi rugarmu ta wajen Garki.

Mutane suka noƙe, don ana ta raɗe-raɗin cewa sayar da jinin ake yi. Sai Ardo, yayan mahaifina, ya naɗe hannun riga ya miƙo mini hannunsa. Ganin haka kowa ya biyo baya.

Ba a rubuta suna a jikin kwalba, lamba ake sawa. Amma ai na san mai lamba ɗaya. Da sakamakonsa ya fito, sau uku na maimaita gwajin, ina addu'ar Allah ya sa injin ne ya yi ƙarya. Ƙodarsa ta yi nisa da lalacewa. Na ce gobe zan je in faɗa masa. Tsoro ya hana ni. Mutumin da ya raɗa mini suna, da wane baki zan soma? Kullum sai in ce gobe. Rubutun binciken kuwa ban ce masa gobe ba, na gama na aika taron masana.

Sai ga lambar yabo ta matasan masu bincike, har rediyo ta faɗa. Abokan aiki suna ta yi mini barka. Kwana uku tsakani saƙo ya iso: Ardo yana nemana.

A mota na gama yanke wa kaina hukunci. Za a ce na sayar da jinin dangi, a kai ni gaban alƙali. Na saka lambar yabon a jaka don in nuna ba kuɗi ba ne, ina ta bitar abin da zan faɗa.

Na same shi a kan tabarma. Ƙafafunsa sun kumbura, takalminsa na gefe.

"Baffa, wallahi ban sayar ba."

"Wa ya ce kin sayar? Na ji an yaba miki, na ji daɗi. Amma rediyo ta ce kin gano masu ciwon ƙoda a cikinmu. Har da ni?"

"Har da kai, Baffa."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin damina."

Ya kalli ƙafafunsa. Ko murya bai ɗaga ba.

"Ashe mutanen birni sun sani, har sun tafa miki. Ni mai jinin ne ban sani ba."

Lambar tana cikin jakata. Ban fito da ita ba ranar, kuma har yau ban rataye ta a bango ba.