Jirgin da Zai Ɓoye Dona Zulmira

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Seu Juvenal mai aski a unguwarmu ta Macuco ya san abu biyu ake samu a shagon: aski da labarin jiragen ruwa, kuma na biyun dole ne. Shagon yana kallon tashar jiragen Santos. Fiye da shekara arba'in yana tsaye da almakashi a hannu yana ganin shigarsu da fitarsu. Da ya ji ƙahon jirgi zai ce maka wannan na sukari ne, wancan na waken suya, wannan kuwa na 'yan yawon shaƙatawa. Sai ya bar ka da rabin kai a aske ya fita bakin ƙofa ya tabbatar. In ya canka daidai ka shiga uku, don sai ka sha tarihin jirgin tun daga ranar da aka ƙera shi. Abin da ba ya faɗa wa kowa shi ne, jirgi mafi girma da ya taɓa sa ƙafa a ciki shi ne ɗan ƙaramin nan da ke tsallakar da ma'aikata zuwa Vicente de Carvalho, mai matakala ɗaya da mai sayar da kofi ɗaya.

Tun da matarsa Dona Odete ta rasu, 'ya'yansa mata biyu suka karɓi mulkin gidan. Babbar, Marinalva, ma'aikaciyar jinya ce, ta hana shi gishiri, ta hana shi maiƙo, da tana da iko da ta hana shi surutu. Autar, Rosilda, ita ce mai rauni. Kowace Lahadi in aka haɗu cin taliya da kaza, sai ta ɗora jakarta a kujerar uwar, ba mai zama a kai. Juvenal mutum ne da ya taɓa fatattakar ɗan dako mashayi da tsintsiya, amma hawayen Rosilda yake tsoro kamar mutuwarsa.

Shi ya sa bai gaya wa kowa maganar Dona Zulmira ba.

Zulmira bazawara ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana soya fastel, wani abu kamar samosa, da matsar ruwan rake a kasuwar Alhamis. Mace ce gajeriya mai dariya da ƙarfi, bakinta kuma ya fi man suyarta zafi. Juvenal ya fara zuwa don fastel ɗin da aka hana shi, ya ƙare yana zuwa ko tukunyar ba ta kan wuta. Yana sonta, so na gaskiya, irin na tsufa da ba ya zuwa da hayaniya. Sai dai in suna tafe a lambun bakin teku suka hango wani idon sani, nan take zai saki hannunta ya juya ya hau kallon jirage, kamar hukuma ce ta ɗauke shi aikin ƙirga su. Zulmira ta haƙura da wannan shekara biyu.

Da zai cika saba'in, 'ya'yan suka ce za a kai shi yawon teku da iyali gaba ɗaya, ya shiga jirgin nan da ya ƙare rayuwarsa yana leƙe. Jirage biyu ne suka dace da hutun surukai. Ɗaya ƙarami, mai ɗaukar mutum 'yan ɗaruruwa, yana shiga lungunan Ilhabela da Paraty, zauren cin abinci ɗaya, kowa ya san kowa. Ɗayan kuwa gari ne guda a kan ruwa, mutane dubbai, har Salvador yake kaiwa. 'Ya'yan duk ƙaramin suke so: babu hayaniya, gwiwar Baba ba za ta sha wahala ba, kuma ba zai ɓace wa mutane ba.

Ranar Alhamis ya kai wa Zulmira labari yana washe baki. Ta tsame fastel daga mai, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Wato kai kana can kana shan iska, ni ina nan hayaƙi yana cina? Ka ji ni da kyau, Juvenal. Ko ka tafi da ni, ko ka dawo ka tarar na samu mai askin da ba ya tsoron 'ya'yan cikinsa."

"Haba Zulmira, wa ya ce tsoro nake?"

"Hannuna ne ya ce. Ya gaji da saki."

A hanyar komawa shago dabara ta faɗo masa. A ƙaramin jirgi, kafin a gama karin kumallo an san wa ke kallon wa. Amma a babban, mutum zai iya ɓoye giwa, balle mace gajeriya. Ta hau daban, shi ya hau da iyali, su riƙa haɗuwa a ɓoye, kowa ya samu abin da yake so. Saura kawai ya ci zaɓe in iyali suka zo ɗaga hannu.

Ya fara da surukai, don su ne masu kawo masa wuya da kansu. Gilmar, mijin Marinalva, yana zaune kumfa ta rufe masa haɓa, reza na yawo a maƙogwaronsa, Juvenal ya ce a hankali, "Ka san a ƙaramin jirgi tebur ɗaya za ka zauna da matarka safe, rana, dare? Babban kuwa an ce akwai wurin kallon ƙwallo da mata ba sa leƙawa." Gilmar bai iya gyaɗa kai ba saboda reza, amma idanunsa sun jefa ƙuri'a. Jikoki ba su ba shi wahala ba, ya ce musu a babban akwai sulu na ruwa mai tsawon bene. Rosilda ya gaya mata ƙananan jirage rawa suke a kan igiyar ruwa, mutum ya yi ta amai har ya manta sunansa. Marinalva kuwa ya tare ta da fuskar tausayi ya dafe ƙirji.

"Ni ba don kaina ba, 'yar nan. Amma babban yana da asibiti da likita. Mutum mai shekaruna..."

"Baba, kai da ko awon jini sai na bi ka da gudu?"

"Tsufa ne, yana koya wa mutum hankali. Kuma ni na san jirgi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ranar Lahadi aka ɗaga hannu a kan taliya, babban jirgi ya cinye. Marinalva ta daɗe tana kallon ubanta ta saman tabarau, sannan ta ce to, babban za a hau.

Zulmira ta sayi tikitinta da kanta, ta ce ba ta son gori. Juvenal ya tsara mata komai kamar kyaftin: "In kin gan ni a layi, ba ki san ni ba. Da jirgi ya tashi, mu haɗu wurin mai kofi, gindin matakala."

"Shi ke nan? Ba za mu ɓace ba?"

"Ni? A jirgi? Shekara arba'in fa, Zulmira."

Gani ya kori ji. Da suka shiga, Juvenal ya ɗaga kai ya ga bene kan bene, fitilu, shaguna, har da bishiyoyi. Ya taje gashinsa, ya fesa turaren shago, ya ce wa iyali zai je ya duba injin. Ya samu mai kofi a gindin matakala ya tsaya. Ya tsaya har ƙafa ta yi tsami. Da ya gaji ya hau sama, sai ga wani mai kofin a gindin wata matakalar. Ya ƙara hawa, ga wani. Ya doshi gaban jirgi, can ma akwai, kuma duk kamarsu ɗaya. Ya zaro waya zai kira ta, ashe tun da gari ya ɓace a baya wayar ta zama madubi.

Washegari ya fara sintiri tun da safe. Ya leƙa wurin ninƙaya, ya leƙa wurin rawa, ya faɗa wani ɗaki inda mata ke kwance da yankan kokwamba a ido, aka rako shi waje. Kofi kuwa ya sha har ya gundure shi, don kunya yake ji ya tsaya gaban mai kofi bai saya ba. Lokacin abinci ya aika cewa jiri yake ji. Gilmar ya same shi a bakin ɗaki ya ce, "Suruki, ba kai ka ce babban ba ya rawa ba? Ko wurin ƙwallon kake nema mana? Ni ma har yanzu ban gan shi ba."

Da abin ya ishe shi ya nufi teburin tambaya. Wata budurwa mai murmushi ta saurare shi, ta ce ba a ba da lambar ɗakin fasinja ga wanda ba tare suke ba.

"Matarka ce, Baba?"

"A'a."

"'Yar'uwarka?"

"A'a."

"To mece ce ɗinka?"

Juvenal ya buɗe baki. Ya dubi hagu da dama. Can ya ce, "Mai fastel ce."

Yarinyar ta ce ya yi haƙuri.

Ya samu benci a gefen jirgi ya zauna, gwiwa na zogi. Nan dariyar abin ta ƙare masa. Zulmira ba ta taɓa yin nisa da Santos ba. Ya hango ta zaune ita kaɗai a gindin wata matakala da jar rigarta ta fita unguwa, tana jiran mutumin da ya ce ya san jirgi. Ko kuwa ta ɗauka da gangan ya yi, ya ƙara sakin hannunta ne, wannan karon a tsakiyar teku. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya. Ya gane cewa in jirgin nan ya koma Santos bai same ta ba, ba zai ƙara samun ta ba ko a kasuwar Alhamis.

Washegari da rana ya shiga zauren cin abinci bai ko taje kai ba. Iyali suna zaune, jakar Rosilda tana kan kujera ɗaya da ba kowa, don ko a teku ba ta fasa ba. Bai zauna ba.

"Marinalva, na ɓatar da mutum."

"Wa, Baba? Duk ga mu nan."

"Wata ce. Zulmira. Tare muka hau, wato ba tare ba..."

"Wace ce Zulmira?" in ji Marinalva, tana yanka kifi hankali kwance. "Ma'aikaciyar jirgi ce?"

Ya dubi Rosilda, ta ajiye cokali.

"Matar da nake so ce. Shekara biyu ke nan. Na ji tsoron gaya muku, shi ya sa na ja ku zuwa wannan shirgegen jirgi don in ɓoye ta. Ku taimake ni in same ta, daga baya ku yi mini duk faɗan da za ku yi."

Marinalva ta goge baki, ta nuna bayansa da wuƙar cin abinci. "Waccan ce?"

A teburin da ke bayansa, jingine da ginshiƙi, Dona Zulmira ce cikin jar riga tana ɓare jatan lande. Ta ɗaga masa yatsu biyu masu maiƙo.

"Sannu da sintiri, kyaftin. Na ga wucewarka jiya, na ga wucewarka yau da safe. Har gwiwar ta ba ni tausayi."

"Kin gan ni? Kika yi shiru?"

"Ba kai ka ce in na gan ka ban san ka ba? Jirgin da ba wanda zai gan ni kake so. To na taya ka."

Gilmar ya ƙware da ruwa. Marinalva ta ce, "Baba, duk Alhamis kana dawowa kana warin man suya, ka ɗauka hancina ado ne? Tun bara nake sayen fastel a wurinta, kana barin wurin nake zuwa. Don me kake tsammani na so ƙaramin jirgi? Don ka rasa wurin ɓuya ka faɗa da bakinka. Da ka nace, ni da ita muka ce to, a bar ka ka sha iska."

Rosilda ce kaɗai ba ta yi dariya ba, don ita ba wanda ya gaya mata. Idanunta sun cika. Juvenal ya tsaya yana jiran abin da ya shekara biyu yana gudu. Ta dubi jakarta a kan kujerar, ta dubi matar, ta dubi ubanta da gashinsa a hargitse, abin da ba ta taɓa gani ba tun ranar jana'iza. Sai ta miƙe. Ba ta taɓa jakar ba. Ta je wani tebur ta jawo kujera, tana ƙara a ƙasa har mutane suka waiwayo, ta ajiye ta kusa da ta ubanta.

"Waccan ta Mama ce," ta ce. "Ga taki, Dona Zulmira."

Zulmira ta goge hannu sosai kafin ta taso. "Ban zo neman kujerar kowa ba, 'yata. Wannan ta ishe ni."

Yanzu in ka zauna a shagon Macuco ka tambayi Seu Juvenal wanne ya fi, babba ko ƙarami, zai ce maka ƙarami, kuma zai rantse tun farko abin da ya gaya wa 'ya'yansa ke nan suka ƙi ji. Ran Lahadin da ta wuce an gan su a lambun bakin teku, shi da Zulmira, suka yi kiciɓis da rabin 'yan unguwa suna fitowa daga coci. Daidai lokacin wani ƙaton jirgi ya busa ƙaho a mashiga. Wuyan Juvenal ya fara juyawa da kansa, don sabo. Sai ya dawo da shi, ya gyara riƙon hannunta, ya ce, "Kun san Zulmira?"