Dattijon Da Ba Ya Sayar Da Jak Shi Kaɗai

"Baba, ina sauran yatsunka?"

Uwar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fizgo hannun Auta, yarinyar da ko makaranta ba ta isa shiga ba, ta ce, "Ke, wannan baki naki! Yi haƙuri, Baba."

Baba Mai Sifana ya ɗaga hannunsa na hagu, ya jujjuya shi kamar yau ya fara ganinsa. "Ƙyale amaryata, tambaya ta yi. Mota ce ta cinye su. Na ba jak amana, ashe bai san amana ba."

Duk wanda ya zauna a layinmu ya san shagonsa, ɗan ƙarami a bakin kwana. Tsohon bakanike ne. Da bayansa ya daina yarda da kwanciya ƙarƙashin mota, sai ya koma sayar da kayan aiki. Kullum da sassafe zai share ƙofar shago, ya fito da allon da yake rataye sifanu daga ƙarama zuwa babba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai ɗan maiƙo. Ba ya miƙa maka abu don ka nuna shi da yatsa. Sai ya tambaye ka wace mota ce, me za ka kwance, sannan me zai riƙe motar idan ka shiga ƙarƙashinta. Jak kuwa, abin ɗaga mota, ba ya sayar da shi shi kaɗai. Sai ka haɗa da matokaran ƙarfe, waɗannan masu ƙafafu da ake kafawa mota ta zauna a kansu. Idan ka ce ba hali, ya ara maka nasa. Idan ka ce ba ka buƙata, ya mayar da jak ɗinsa ya ce ka gaida gida. Samarin layi suna kiransa Baba Sai-Da-Tokari, suna dariya. Bai taɓa nuna ya ji ba.

Ran nan mazurari kawai aka aiko Maman Auta ta saya. Mijinta direban haya ne, giyar motarsa ta fara tauri tana gurnani, ya ce yau ba zai fita ba, da kansa zai canza man giya a tsakar gida.

"Mazurari na me?" in ji Baba.

"Man giya Abban Auta zai zuba."

"Mazurari ba ya kai mai can. Ramin zuba man a gefe yake, sai da famfon hannu da tiyo." Ya juya zai ɗauko, sai ya tsaya. "Ya fara aikin?"

"Tun ɗazu yana ƙarƙashi. Notin da ake zubar da tsohon man ne ya ƙi kwantuwa, yana ta faɗa da shi."

"Da me ya ɗaga motar?"

"Da jak ɗinta."

"Sai me?"

"Ya sa bulo."

"Wace sifana ce a hannunsa?"

Ta kwatanta da yatsunta. "Wadda ake murzawa bakinta ya buɗe. Da zan fito ma na ga ya zura mata bututun ƙarfe, wai don ya samu ƙarfin ja."

Ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Baba ya sunkuya ya ciro matokarai biyu daga ƙarƙashin tebur, ya jefa soket na kwance noti da famfo cikin buhu, ya fita ya bar shago a buɗe. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya ɗaga murya, "Baba, kayanka fa?" Ko waiwaye bai yi ba.

Maman Auta ta saɓa yarinyar a kafaɗa ta bi shi. Dattijon da kullum ke tafiya da kyar, yau sai da ta haɗa da sassarfa kafin ta cim masa.

"Baba, lafiya? Don Allah ka gaya mini."

"Idan mun shiga, kada ki yi ihu. Kada ki kira sunansa da ƙarfi. Ki riƙe yarinyar nan, ko me kika gani kada ki sake ta."

Suka tura ƙofa. Motar tana tsaye a inda simintin tsakar gidan ya ɗan gangara wajen magudanar ruwa. Ƙafafun maigidan kawai ake gani, silifas ɗaya ya fice. Sai a lokacin ta lura da abin da ta wuce ɗazu ba ta gani ba. Jak ɗin ya karkace kamar mai jin barci, bulon kuma ya tsage daga sama har ƙasa, gari yana zuba daga tsagar.

Daga ƙarƙashi muryarsa ta fito. "Kin dawo? Yanzu zan gama da ɗan banzan notin nan. Ja ɗaya ya rage."

"Direba," in ji Baba, a hankali kamar mai lallashin jariri. "Ni ne. Kada ka ja."

"A'a, Baba da kansa? Ai na kusa..."

"Saki ƙarfen. Sa hannuwanka a ƙirji. Kada ka jingina da komai."

Auta ta fara mutsu-mutsu tana son sauka wajen babanta, uwar ta matse ta har yarinyar ta yi ƙara. Baba ya durƙusa a kan gwiwoyin da ke masa ciwo, ya tura matokari na farko ƙarƙashin ƙashin motar, ya ɗaga shi har ya kusa taɓawa, ya sa maƙalli. Da hannun nan mai yatsu uku ya yi aikin. Ya rarrafa ya kafa na biyu. Jak ya yi wata 'yar ƙara, ƙiiit. Bakin uwar yana motsi da addu'a.

"To, fito. Da baya, a hankali. Kada ka kama motar."

Ya fito yana goge fuska, yana murmushin jin kunya. "Haba Baba, ka tsorata mini iyali. Sau nawa ina canza taya da jak ɗin nan?"

"Taya kake canzawa, kana waje. Matsa can."

Baba ya dafa gefen motar da tafin hannu ya girgiza ta, girgizar da ba ta kai rabin jan da direba ya yi niyya ba. Jak ya zame ya yi tsalle gefe. Bulon ya fashe ya zama gari. Motar ta faɗo, gam, ta zauna a kan matokaran, daidai saman tabarmar da kan mutumin yake a kai ɗazu.

Direba ya nemi bango ya zauna. Ya daɗe yana kallon tabarmar. Auta ce ta fara magana: "Abba, motar ta so ta cinye ka kai ma?"

Ba wanda ya tsawata mata.

Baba bai yi gori ba, bai kuma tafi ba. Ya sa aka sauke motar, aka tura ta zuwa inda ƙasa ta daidaita, aka sa waigi a bayan tayoyi, aka sake ɗagawa. Ya nuna wa direba kan notin da sifanar nan ta cinye wa kusurwa. "Ita ce ta jawo. Tana zamewa, kai kana ƙara ƙarfi, motar tana rawa." Ya ba shi soket mai kusurwa shida daidai kan notin, ya kama cif. Ya hana shi taɓa notin ƙasa sai da ya fara kwance na sama, inda ake zuba sabon mai. "In ka zubar da tsohon, na sama ya ƙi buɗuwa, da me za ka fita gobe?" Ya karɓi galan ɗin man ya duba ko irin na giyar motar ne, domin ta hannu da mai canza kanta ba mai ɗaya suke sha ba. Tsohon man kuma ya sa aka tare shi a baho mai faɗi, aka juye a jarka, aka ɗaure, aka ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wannan kam Maman Auta ce ta yi da kanta.

Ƙarshen watan nan Baba zai bar shago. Idanu sun yi rauni, babbar 'yarsa ce za ta ci gaba, kuma ta riga ta gaji tambayoyin nan uku. Shi ya sa na ga bai kamata mu bari ya tafi shiru ba.

Baba, kai ne ka gwammace ciniki ya wuce ka da a ɗauko wani a tabarma. Kai ne aka yi wa dariya shekara da shekaru ba ka sassauta ba. Mai yatsu uku da ya tsare wa mutane goma-gomansu. Akwai gidaje a layin nan da ake jin muryar uba da yamma saboda taurin kanka, wasunsu ma ba su sani ba. Mu iyaye mata mun sani. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa masu sayar da kaya su koyi tambaya kafin su miƙa.

Kai kuma mai karatu, idan ka ce da hannunka za ka canza man giya a gida, ba wanda ya hana ka. Nemi soket daidai notin, nemi famfo da tiyo, nemi baho. Amma kafin duk wannan, nemi abin da zai riƙe motar. Jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙo. Bulo kuwa ba ya gargaɗi kafin ya fashe. Ka girgiza motar da ƙarfinka kana tsaye a waje, in ta motsa kada ka shiga. Ke kuma 'yar'uwa, in kika ga ƙafafun mijinki a ƙarƙashin mota babu matokari, kada ki tsaya jin nauyinsa. Ba kowane layi ne yake da Baba a bakin kwana ba.